Yaya Za Mu Rubuta Tarihin Mahaifinmu, Tsohon Soja?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya fita da igiya uku, daga nan ya yi sama da shekara arba'in a gida yana riƙe da iyalinsa da marayun dangi, kuma babu hidimar unguwa da za a yi ba da shi ba. An ce mahaifinsa ma ya je yaƙin Bama. Muna so mu haɗa ɗan littafin tarihinsa saboda jikoki, amma mun rasa ta inda za mu kama.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ku fara duba lissafin da ke cikin tambayarku. Ko da ya yi shekara goma sha biyar cikin kaki, ya yi arba'in a gida. Amma yawancin tarihin tsofaffin sojoji da iyalai ke rubutawa, sai a tarar shafi ashirin na yaƙi ne, shekara arba'in ɗin kuwa an dunƙule ta a layi biyu: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci. Shaidar gaskiya ce, sai dai kusan kowane mamaci ana yi masa ita a zaman makoki, kuma jikan da bai san shi ba ba zai ga kakansa a cikinta ba. Ɓangaren soja yana da masu ajiye shi. Samanja Chari Maigumeri, wanda ya yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ga barikin Lakwaja can da sunansa. Hukuma tana riƙe da lamba da muƙami da ranar shiga da ranar fita. Amma babu ofishin da ya rubuta daren da aka buga wa Baba ƙofa ya kai mai naƙuda asibiti, ko auren da ya hana mutuwa, ko yaron da ya biya wa kuɗin jarrabawa. Wannan yana cikin kawunan mutane ne kaɗai, mutanen kuma tsofaffi ne. Can ya kamata yawancin ƙarfinku ya tafi.

Duk da haka akwai aikin kwana ɗaya da za a fara yi. Tun kafin a zauna rabon gado kaya su watse ɗaki-ɗaki, ku nemi izinin magada a buɗe akwatinsa gaban mutum biyu ko uku daga ɗakuna daban-daban. Da wuya a sami tsohon soja da ba shi da akwatin ƙarfe ko jakar da ba ya bari a taɓa. Abin da kuke nema shi ne takardar sallama, da katin shaidar tsohon soja, da takardun fansho da garatuti, da takardun kwas, da katin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, da fasfo idan ya yi aikin Hajji, da lambobin yabo, da hotuna. Kada ku raina ƙananan takardu. Rasit ɗin siminti, littafin tara kuɗin masallaci, katin sakamakon jarrabawar wani yaro da ba ɗansa ba ne, su ne shaidar shekara arba'in ɗin nan, kuma su ake fara sharewa a zuba a bola.

A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a ranar. A shimfiɗa ta a inuwa mai haske, kusa da ƙofa ko taga, a riƙe waya daidai samanta, a kashe fitilar waya domin tana wanke rubutu. Idan akwai na'urar sikanin a kusa, a sa takardu a ma'aunin kaifin hoto (dpi) 300, hotuna a 600, saboda tsofaffin hotunan bariki ƙanana ne, sai da wannan ma'aunin ake iya faɗaɗa su a gane fuskoki. Abu uku ke lalata irin waɗannan kaya, kuma duk masu kyakkyawar niyya ke yin su. Na farko laminetin: zafin injin da gam ɗin ledar suna kama tsohuwar takarda har abada, ba a iya cirewa, wasu ofisoshin ma ba sa karɓar takardar asali idan an yi mata haka. Na biyu salatif a kan wurin da ya yage, wanda bayan 'yan shekaru yake rikiɗa ja ya cinye rubutun. Na uku rubutu da biro a bayan hoto, tawadar tana ratsowa gaba. Fensir ake sa wa. Lambobin yabo kuma kada a goge su da toka ko man goge tagulla, kada a wanke ƙyallensu. Launin ƙyallen shi ne ke faɗin wace lamba ce, ta wane yaƙi. A sa komai cikin ambulan, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bango saboda gara da damshin damina.

Takardar sallama ita ce ƙashin bayan ɓangaren soja, amma a karanta ta da lura. Lambar da ta fara da 63NA ba ta nufin ya shiga a 1963. Ɗimbin waɗanda aka ɗauka lokacin yaƙin basasa wannan lambar suke ɗauke da ita, don haka ranar shiga da aka rubuta ita ce abin dogaro. Ranar haihuwa kuwa sau da yawa ƙiyasi ce. Rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 kafin yaƙi ba ta kai wajen 250,000 a 1970, ana ɗaukar kurata da gaggawa, ana ba su horon 'yan makonni a tura su bakin daga, yaro ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, babba ya rage. Suna ma haka: wani ya shiga da sunan wansa, wani da sunan garinsu a maimakon na mahaifinsa. Idan takarda ta saɓa da abin da gida ya sani, ku rubuta duka biyun, ku ce takarda ta ce kaza, ƙanwarsa ta ce kaza. Ku kuma tuna shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, don haka wanda ya lissafa wa kansa azumi tamanin da biyar, a lissafin takarda shekararsa tamanin da biyu ne da 'yan watanni.

Idan kun san rundunarsa, kun san hanyar da ya bi. An fara yaƙin ranar 6 ga Yuli 1967, aka ƙare 15 ga Janairu 1970. Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangaro daga arewa ta Nsukka, ta kama Inugu a farkon Oktoban 1967, ta shiga Umuahia a Afrilun 1969. Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammad ta bi ta Benin da Asaba, ta sha wuya wajen ƙetare kogin Kwara, ta kama Anaca a Maris 1968, a ƙarshen watan kuma aka yi wa ayarinta kwanton ɓauna a Abagana. Runduna ta Uku ta Benjamin Adekunle ta biyo ta ruwa, Bonny da Kalaba da Fatakwal, Obasanjo ya karɓe ta a Mayun 1969. Saboda haka idan Baba yakan ambaci Abagana, kun san inda za ku sa shi. Idan wani ya ce muku ya yi Abagana kuma ya yi Kalaba a wata guda, to an haɗa labarin mutum biyu. Haka nan idan an ce ya je Labanon, sojojin Najeriya sun yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a can daga 1978 zuwa 1983, Chadi kuma, ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, 1981 zuwa 1982. Kwango 1960 zuwa 1964 ne, wanda ya shiga a 1967 bai je ta ba, ko da an saba faɗin haka a gida.

Daga nan sai mutane. Ku rubuta sunan mutum goma sha biyu zuwa sha biyar, ku jera su bisa tsufa da rashin lafiya, wanda ya fi rauni shi ne na farko, ko da yana nesa. A ciki a sami iyayenku mata, da 'yan'uwansa musamman mata, da abokan aikin soja, da liman da ladan, da mai unguwa, da maƙwabcin katanga, da waɗanda ya riƙe, da mutum ɗaya aƙalla da suka taɓa saɓawa. Abokan soja ana samunsu ta ofishin Nigerian Legion na ƙaramar hukuma, ko wurin tantance 'yan fansho, ko taron tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu. Kada ku tsaya kan 'yan garinku. Wanda suka kwana rami ɗaya da shi yana iya zama mutumin Zuru ko Langtang ko Numan ko Biu, yana iya zama Kirista, kuma da Hausa za ku yi hira da shi, don ita ce harshen bariki tun zamanin Turawa.

Wanda za a aika shi ne rabin aikin. Uwargida ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ba za ta kuma buɗe baki gaban ɗan fari ba, kunya ba za ta bari ba. A tura jika. Wasan da ke tsakanin kaka da jika yana buɗe ƙofar da ɗa ba zai iya buɗewa ba, jika za ta tambayi yadda aka yi neman aure a yi dariya a ba ta amsa. Iyayenku suna cikin takaba yanzu, wata huɗu da kwana goma, don haka mata ne za su zauna da su, kuma ba a matsa musu. Idan kuka ya zo a kashe waya, a dawo wani jiƙon. Wadda ta zauna da shi a bariki tana riƙe da tarihin da babu mai shi: wane layi suka zauna, wace ce magajiyar matan bariki, me take sayarwa a kasuwar mami, yaya kuɗin cefane ke isowa yana bakin daga, wata nawa ta yi ba ta ji ɗuriyarsa ba, wa ya raɗa wa yaron da aka haifa ba ya nan suna. Riƙon gidan da ake yaba masa, da hannunta aka yi shi, littafin ya nuna haka.

Wajen naɗar murya, wayar hannu ta isa. A sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse, a ɗora ta kan matashi kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana, a kashe fanka, a guji lokacin da janareta ke aiki ko injin markaɗe. A gwada minti ɗaya a saurara kafin a ci gaba. A farkon kowane faifai mai tambaya ya faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana da dangantakarsa da mamacin, ya kuma nemi izininsa a cikin faifan. Minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya ya ishi tsoho. Zama biyu gajeru sun fi ɗaya dogo, domin bayan kun tafi ne yake kwana yana tuno abin da ya manta. Kuma mutum ɗaya-ɗaya ake yi. A majalisa babba ne ke magana, saura su ce haka ne, ko da sun san ba haka ba ne.

Tambayar da ke kashe hira ita ce, wane irin mutum ne? Amsarta addu'a ce da yabo, shi ke nan an rufe. Ku tambayi abin da ya faru. A ina kuka fara haɗuwa? Wa ya kawo maganar gina Islamiyyar nan? Wa ya ba da fili? Nawa aka tara a zaman farko, wa ke riƙe da kuɗin? Da aka rasa kuɗin rufi yaya aka yi? Ranar da ruwa ya ci katangar maƙabarta, wa ya fara fita? Idan mutum ya ce Baba mai taimako ne, ku ce, ba mu labarin rana ɗaya da ka gani da idonka. Sannan ku yi shiru ku jira. Masu tambaya da yawa suna tsoron shiru, sai su cike shi da tasu maganar, alhali tsoho yana cikin lalubo zancen ne. Ku tambayi kuma abin da soja ya bar masa a jiki: yawancinsu a unguwa su ne masu tsara layi ranar rabon kaya, masu koya wa 'yan agaji fareti, masu raba wa 'yan sintiri dare, masu zuwa aikin gayya kafin kowa. Wasu sun koyo tuƙi ko kanikanci ko ɗaurin rauni a soja suka ci abinci da shi har tsufa. Nan ne rayuwarsa biyu ke haɗuwa, kuma nan ne littafin zai yi daɗin karatu.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta, don haka ku tafi da ma'auni a hannu. An kashe Sardauna a Janairun 1966. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Naira ta maye gurbin fam a farkon 1973, shekarar babban fari. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, sun shigo hannu a 1975. An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, a shekarar aka fara makarantar UPE, wato shirin firamare kyauta. Rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980 ne, canjin kuɗin Buhari kuma 1984. Idan gwaggo ta ce an haƙa rijiyar tana goyon wance, kafin canjin kuɗi, kun sami shekarar ko kusa da ita. Ku lura da sunayen jihohi: Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe 1991, Zamfara da Gwambe 1996. Takardar da ta ce shi ɗan jihar Sakkwato ne ba ta yi kuskure ba idan garinku yanzu yana Zamfara. Kuɗi kuma a rubuta su yadda aka faɗa, fam ko naira, tare da abin da suke saya a lokacin, misali buhun gero nawa, in ba haka ba jika zai ga naira ɗari biyu ya ɗauka abin wasa ne.

Duk wani babban zance, a nemi bakin mutum biyu da ba su ji daga juna ba. Bayan mutuwa labari yana kumbura. Wanda ya ba da buhun siminti ashirin sai a wayi gari shi ya gina masallacin shi kaɗai, alhali waɗanda suka yi aikin tare da shi suna raye, 'ya'yansu kuma za su karanta. Saje ya zama samanja, samanja ya zama kyaftin. Ku bar shi da igiyarsa uku, da guminsa ya same su, kuma tsohon soja ɗaya da ya ga an ƙara masa muƙami zai daina yarda da sauran littafin. Ku ambaci waɗanda suka yi aiki tare da shi da sunayensu, hakan ba ya rage masa komai.

Akwai abin da za ku ji wanda ba na bugawa ba ne. Ma'auratan da ya sasanta, gidan da yake kai wa hatsi da dare, wanda ya biya wa bashi: a faɗi aikin, a ɓoye sunan, sai in mai abin ya ce a sa. Shi ya rufa musu asiri yana raye, bai kamata littafinsa ya tona ba. Haka zancen yaƙi. An yi abubuwa masu muni a wannan yaƙin, a Asaba a Oktoban 1967 sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula, yunwa kuma ta kashe yara ba adadi. Kada ku ƙirƙira masa jarumtakar da bai faɗa ba, kada ku rubuta yawan waɗanda ya harbe kamar abin alfahari, kada kuma ku jingina masa laifin da ba ku da shaida a kai. Idan bai taɓa son zancen yaƙi ba, ku rubuta cewa ba ya son zancen. Idan yana firgita cikin barci, ko ba ya son ƙarar knockout ɗin yara ranar salla, iyali su shawarta ko za a sa. Ni ina ganin a sa shi cikin ladabi, domin akwai gidajen sojojin yau da ke fama da irin wannan suna zaton su kaɗai ne. Zafin rai da tsananin horo, in yana da su, ana iya faɗa ba tare da cin mutunci ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, amma bai ce a yi musu ƙarya ba. Wanda kuma ke ganin rubuta tarihin mamaci baƙon abu ne, a tuna masa Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, kuma halayensa ta fi tsayawa a kai.

Inda irin wannan aiki ya fi jawo rigima shi ne shafin iyali. A jera matansa bisa tsarin aure, har da wadda ta rasu da wadda suka rabu in ta haihu da shi. A jera 'ya'ya bisa haihuwa, maza da mata a haɗe, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana, don iyayensu mata ba su manta da su ba. 'Ya'yan riƙo da agola a ba su nasu wuri, da yardarsu. A ƙirga hotuna: idan ɗaki ɗaya ya fito sau shida wani sau ɗaya, za a lura. Kafin a kai wa mai buga littafi, a karanta rubutun a bayyane gaban wakilin kowane ɗaki. Wasu gidajen ba sa son hoto sam, a tambaya tun farko. Idan kuma cikin hira ta bayyana cewa akwai kuɗin masallaci ko na marayu a hannunsa, ko bashi, ko filin da ya ce ya bayar waƙafi da baki, wannan ya fi littafin gaggawa. A sanar da masu rabon gado, a rubuta iyakokin filin da shaidu gaban mai unguwa. A kuma kai wa Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja sanarwar rasuwarsa da takardar shaidar mutuwa, kada a ci gaba da cirar fanshonsa da katinsa.

Game da kakanku, babi ɗaya gajere ya isa, amma a yi shi daidai. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Najeriya sun fara yaƙar Italiya a gabashin Afirka, suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka wuce Habasha. Bayan haka aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta tafi Indiya ta jirgin ruwa a 1943 ta yaƙi Japan a kwarin Kaladan da ke Bama, ta 82 ta bi ta a 1944 zuwa Arakan, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945, akasarinsu suka dawo gida a 1946. Wasu bataliyoyin Najeriya kuma sun shiga cikin dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin abokan gaba a Bama, a 1944. Sunayen barikoki irin su Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Kalapanzin a Kaduna, duk daga Bama aka kwaso su, don haka idan an taɓa jin kaka yana ambaton ɗayansu, alama ce. Idan akwai lambarsa mai siffar tauraro da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe, ta Bama ce. Ingila ba ta buga suna a bayan waɗannan taurarin ba, saboda haka lambar kaɗai ba ta tabbatar da mai ita, sai an haɗa da takarda ko shaidar dangi. Wanda ya mutu a can ana iya neman sunansa kyauta a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, a gwada rubutun sunan iri-iri, domin yadda kunnen Bature ya ji haka ya rubuta, kuma sau da yawa sunan gari ne a matsayin na uba. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin larduna na zamanin Turawa, ya cancanci a leƙa. Ga 'yan'uwa na Nijar da kakanninsu suka yi wa Faransa soja, takardun irin waɗannan sojoji suna ma'ajiyar sojan Faransa da ke garin Pau, kuma lambar da ke cikin ɗan littafinsa na soja ita ake nema da ita.

Juyar da murya zuwa rubutu shi ne inda yawancin iyalai ke gajiya su watsar. Awa ɗaya ta hira tana cin awa biyar zuwa shida, hirar awa goma ke nan tana neman awa hamsin ko sittin. A raba wa matasa biyar, kowa faifai biyu ko uku, a ba su wata guda. Kada su gyara wa kowa Hausa. Basakkwace ya fito da Sakkwatancinsa, kalmomin bariki irin su kurtu da gadurum da kofur su zauna yadda aka faɗe su. Rubutun littafin kansa kuwa mutum ɗaya ne zai yi, wasu biyu su duba. Ku ba soja kashi ɗaya cikin uku, gida da unguwa kashi biyu. Ku bar mutane su yi magana da bakinsu, a sa sunan mai maganar a ƙarƙashi.

Girman A5 ya fi dacewa, rabin takardar ofis ke nan. Shafi ɗaya yana ɗaukar kalma kamar 250, don haka littafi mai shafi 48 da hotuna a shafi 12 yana neman kalma 8,000 zuwa 9,000. Yawan shafuka ya zama mai rabuwa da huɗu, saboda haka ake naɗe takarda a maɗaba'a. Matsalar da ta fi yawa ita ce haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ: a kwamfutarku suna nan lafiya, a ta mai bugawa su koma akwatuna ko su ɓace. A mayar da rubutun PDF kafin a kai, a kuma ce sai an ga kwafi ɗaya na gwaji an karanta shi daga bango zuwa bango kafin a buga saura. Hotuna kada a tura su ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su su dusashe. A tura a matsayin fayil ko a kai a filashi. Kada a buga cikakkiyar lambarsa ta soja ko hoton takardun fansho da na banki, 'yan damfara suna amfani da su. Ayoyin Alƙur'ani da Larabci kuma gara a bar su, don ba ku san inda kowane kwafi zai ƙare ba.

Kwafi 100 zuwa 200 sun ishi yawancin iyalai. Waɗanda ba sa karatun boko, ciki har da wasu daga cikin waɗanda suka ba ku labarin, a sa mai murya mai kyau ya karanta littafin babi-babi a waya a tura musu. Kada ku ɗaure kanku da wata rana ta kusa. Wata shida zuwa shekara shi ne daidai, a raba a taron zumunci na salla. A kai kwafi makarantar da ya yi wa hidima, da ofishin Legion, da Arewa House a Kaduna. Faifan murya da hotunan takardu a ajiye su wuri uku, a filashi biyu a gidaje biyu da kuma imel ɗin da mutum fiye da ɗaya ya san mabuɗinsa, domin waya ɗaya tana faɗawa ruwa ko a sace ta. Akwatin kansa da takardun asali da lambobin yabo, magada su amince a rubuce wa zai riƙe, da sharaɗin duk ɗa ko jikan da ya zo gani za a buɗe masa.